Gwiwa mai kwamfuta: in sayar da gonar gado in saya, ko in haƙura da wadda nake da ita?

Baban Husna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango.

Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, shekarata 36. Shekara 4 ke nan da aka yanke mini ƙafar hagu a saman gwiwa. Babur ne ya kayar da mu muna dawowa daga ɗaurin aure, ƙwauri ya karye, aka kai ni wajen wani maɗori ya jera kara ya tamke. Kwana 5 ina kukan zafi ana ce mini in daure. Ranar da aka kwance, ƙafar ta yi baƙi, ruɓa ta riga ta haura. Ba wannan ne ya kawo ni ba, abin da Allah Ya rubuta ya riga ya faru.

Ƙafar robar da nake sawa, gwiwarta a kan ƙarfe ɗaya take juyawa kamar ƙyauren ƙofa, kuma tana da ɗan makulli a gefen cinya. In na ƙulle ta ba na faɗuwa, amma sai in riƙa ɗaga ƙugu ina zagayo da ƙafar ta gefe, kafin magariba bayana ya riƙe. In na sake ta tafiya ta fi kyan gani, sai dai babu amana. Aiki kam alhamdu lillahi, da ƙafar dama nake taka keke, ban rasa abin cefane ba.

Mako 3 da suka wuce, ranar Juma'a, na ɗauko Husna a kafaɗa, 'yar shekara 2. A bakin zaurenmu akwai 'yar gangara ta siminti da aka yi don shigar da babur. Na dasa dunduniya, ashe gwiwar ba ta gama miƙewa ba, kawai sai ta naɗe. Allah Ya ba ni iko na juya na faɗi ta baya, gwiwar hannuna ta daki siminti, ita yarinyar ba abin da ya same ta sai firgita. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na miƙa hannu zan ɗauke ta, sai uwarta ta yi wuf ta riga ni. Ba ta cewa komai. Wallahi wannan ya fi mini faɗuwar ciwo.

Ƙanena ya turo mini bidiyon wani mutum da irin yankana yana sauka daga bene ƙafa bayan ƙafa, ko bango bai dafa ba. Wai gwiwar tana da kwamfuta a ciki, C-Leg ake ce mata. Ya ce shi ya yafe rabonsa na gonar da mahaifinmu ya bar mana, a sayar a saya mini. Ƙannenmu mata ma sun ce sun yarda, amma na san kunya ce ke sa wasunsu.

Don Allah wanda ya san abin nan ya gaya mini gaskiya. Da gaske tana hana faɗuwa? Tana jure ƙura da zafinmu? Ya ake yi da caji, mu da wuta ke yin kwana biyu ba a kawo ba? Kuma zan iya sujada da ita? Shekara 4 ke nan a kan kujera nake salla.

Mai Haɗa Ƙafa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya Husna. Aikina ke nan, awo da haɗa ƙafar roba, shekara 11 ina yi, don haka bari in ɗan tsawaita.

Da farko ka fahimci abin da ya kayar da kai. Gwiwar da Allah Ya halitta, tsokar cinya ce ke riƙe ta in ta ɗan lanƙwasa da nauyi a kanta. Taka ba ta da mai riƙe ta. Muddin nauyinka ya sauka ta gaban ƙarfen da take juyawa a kai, za ta tsaya cak. Da zarar ya sauka ta bayansa, ko da kaɗan ne, sai ta naɗe. Gangara kuwa ita ce ke tura nauyin baya, ga kuma yarinya a kafaɗa. Ba sakacinka ba ne, haka irin wannan gwiwar take.

Ita mai kwamfuta, a cikinta akwai wani bututu mai ɗauke da mai, kamar shakazobar mota. In gwiwa za ta lanƙwasa dole man ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi. Akwai 'yan na'urori da ke auna yadda gwiwar ta karkata, da saurinta, da nauyin da ke kanta, su kai wa kwamfutar rahoto, a sababbin C-Leg har sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuma ta tsuke ƙofofin ko ta buɗe. Ka ɗora nauyi, ta tsuke, gwiwa ta yi tauri tana sauka a hankali. Ka ɗaga ƙafa za ka jefa gaba, ta buɗe. In ka yi tuntuɓe, taurin yana nan, sai ka samu damar kai ɗaya ƙafar ka tsaya. To amsar tambayarka ta farko: eh, tana rage faɗuwa sosai, wannan ba talla ba ce, shi ne babban amfaninta. Amma ba ta da injin da zai ɗaga ka. Birki ce mai hankali, ƙarfin tafiyar daga ƙugunka zai fito. Mai inji a ciki daban take, irin Power Knee ta kamfanin Össur na ƙasar Aisilan, ita kuma ta fi nauyi da cin batir.

C-Leg ta kamfanin Ottobock ce na Jamus, tun 1997 ta fito, kuma wani injiniya ɗan Kanada, Kelly James, shi ya ƙirƙiro ta. Ba ita kaɗai ba ce. Su Ottobock suna da Genium da Kenevo, Össur suna da Rheo Knee wadda ruwan cikinta ke yin kauri in an sa masa maganaɗisu, Blatchford na Ingila suna da Orion.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin sayen ba shi ne ƙarshen kuɗi ba. A Amurka cikakkiyar ƙafa mai irin wannan gwiwa takan haura dala 40,000, kuma yawanci inshora ke biya. Bayan nan kamfani yana so a riƙa mayar masa da ita lokaci-lokaci a duba, in ba haka ba garanti ya faɗi. Ba makaniki ba ne zai buɗe ta, ba ni ba ne ma. A can in an karɓi taka sai a ba ka ta aro. Kai wa zai ba ka ta aro a Zariya? Kuma ba abin har abada ba ce, bayan wasu shekaru sai an sake wata. Gona ɗaya kuke da ita.

Caji kuwa, batirin C-Leg yakan yi kusan kwana 2, amma ana so a sa shi duk dare kamar waya. Ƙaramar sola ta wadatar. In batir ya kusa ƙarewa za ta yi ƙara ta girgiza, in ya mutu sai ta koma ta yi tauri don kada ka faɗi, ka ga ka dawo irin tafiyar da kake yi yanzu da makulli.

Ni tambayar da zan yi maka ita ce: yaushe rabon da a sake maka soket, wato mazubin da dungun ke shiga? Safa nawa kake jerawa kafin ya kama ka? Dungu yana ramewa sosai a shekara ta farko da ta biyu. In soket yana yi maka kwararo, ko gwiwar zinariya aka ɗaura a ƙasansa za ka yi ta tangaɗi, domin umarnin da cinyarka ke bayarwa ba ya isa ƙasa a kan lokaci.

Kuma tsakanin ƙyauren ƙofa da kwamfuta akwai matakai. Akwai mai birki, wadda ke kamewa in ka ɗora nauyi. Akwai mai sanda huɗu, wadda wurin juyawarta ke komawa sama da baya in ta miƙe, don haka ba ta saurin naɗewa, kuma ƙafar takan ɗan gajarce in ka jefa ta, yatsu ba sa shurin ƙasa. Akwai kuma mai bututun mai wadda babu batir a cikinta ko kaɗan, irin 3R80, da ita ma ana sauka bene ƙafa bayan ƙafa in an koya. Ka je sashen haɗa ƙafa na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko wani wuri da ke da ƙwararru, a duba soket da saitin ƙafar tukuna kafin a kira dillalin gona.

Bakatsine a Ingila:

Baban Husna, sannu ɗan'uwa. Na karanta wurin da ka ce uwar yarinya tana riga ka ɗaukarta, sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Na san wannan kallon.

Ni ta dama aka yanke mini, ciwon daji na ƙashi, ina shekara 27. Na yi shekara 6 da gwiwa mai sanda huɗu, yanzu shekara 5 ina da mai kwamfuta. Ban biya ko sisi ba, domin tun ƙarshen 2016 hukumar lafiya ta Ingila ta amince ta riƙa ba waɗanda suka cika sharuɗɗa. Na faɗi wannan ne don kada ka ɗauka ina ba ka shawara daga inda kake. Ba wuri ɗaya muke tsaye ba.

Duk abin da Malam Mai Haɗa Ƙafa ya faɗa gaskiya ne, amma akwai abin da mai ƙafa biyu ba zai iya kwatanta maka ba, ko da shi ke haɗa ta. Shekara 6 ban san yadda saman titinmu yake ba. Ƙasa nake kallo. Kowane taki sai na yi lissafi: ina dutse, ina rami, ta miƙe ko ba ta miƙe ba. In ana yi mini magana ina tafiya, rabin hankalina ne ke wurin mai maganar. In na dawo gida ba ƙafa ce ta gaji ba, kai ne. Wata na biyu da sabuwar gwiwa, na fito daga masallaci muna hira da wani, sai da muka kai bakin mota na lura ban kalli ƙasa ba ko sau ɗaya. A cikin motar na yi kuka. Saboda haka in wani ya ce maka abin ƙawa ne kawai na masu kuɗi, bai sani ba.

Amma ba ranar da aka ɗaura na fara haka ba. Sai da na yi makonni wajen masu gashin ƙashi suna koya mini in yarda da ita. Jikinka ya saba da tsoron lanƙwasa gwiwa da nauyi a kai, ita kuma wannan so take ka sakar mata nauyin. Ranar farko a kan matakala, ana ce mini in ɗora rabin tafin ƙafa a bakin matakin in saki jiki, gumi kawai nake yi. In ka saya ba ka da mai koya maka, kuɗinka rabin aiki zai yi.

Na zo da ita gida sau biyu, ɗaya da hunturu. Ƙura ba ta hana ta aiki ba, ina dai goge ta da tsumma duk dare. Abin da ya wahalar da ni zafi ne, ba gwiwar ba, robar silikon da ake sawa a kan dungu. Gumi yakan taru a ciki har ƙafar ta fara zamewa, sai in nemi wuri in cire in goge. Alwala da fantsamar ruwa ba su dame ta ba. Wadda aka yi don shiga ruwa sosai ita ce Genium X3, wadda aka ƙera tare da sojojin Amurka, ta kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Sannan a zuwana na biyu cajar ta lalace, ranar na gane cewa duk faɗin garinmu babu inda zan samu irinta. Kwana 9 na yi da sandararriyar ƙafa kafin a aiko mini.

In da a gida nake zaune, da gona ɗaya tal, da ƙanne mata a cikin gadon, ba na jin zan sayar. Amma ba zan ce maka kada ka yi burinta ba.

Maman Abba:

Ɗana, Allah Ya ba ka lada a kan wannan jarrabawa. Ni tsohuwa ce, shekarata 58, jikana ke rubuta mini. Ciwon suga ne ya ci tawa ƙafar, ɗan ƙaramin miki a yatsa, wasa-wasa har saman gwiwa. A Maiduguri nake. A cibiyar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka buɗe a asibitin koyarwa na jami'a a 2020 aka yi mini tawa. Ta farar roba ce, ba kwamfuta ba komai, amma in ta matse ko ta yi sako-sako ina hawa Keke Napep in je a gyara. Wannan kusancin ni a wurina shi ne rabin ƙafar.

Maganar salla nake so in taɓa, don ita ce na ji ta fi nauyi a ƙarshen rubutunka. Ka san abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Sallarka a kujera ba ragaggiya ba ce. Amma na san kewar ɗora goshi a ƙasa, ni ma na yi ta. Abin da nake yi a ɗaki, in cire ƙafar gaba ɗaya in jingine ta, in zauna a kan darduma, in yi sujadata da gwiwa ɗaya da hannuwa, da ɗan matashi a ƙarƙashin dungun. Sai da na yi wata guda ina gwadawa kafin in iya. Gwada da nafila da dare, ba mai kallonka.

Ita kuma matarka, ka zaunar da ita ku yi magana. Ba raina ka ta yi ba. Mutum biyu take tsoron rasawa a lokaci ɗaya, ta rasa yadda za ta faɗa. Ka riƙa ɗaukar yarinyar kana zaune, ka goya ta a cinya kana ɗinki, har hankalin uwar ya kwanta.

Mai Haɗa Ƙafa:

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, kun faɗi abin da mu ba a koya mana a makaranta.

Bari in ƙara a kan sujada ta fuskar aiki. C-Leg tana lanƙwasawa zuwa wajen digiri 130. Ana durƙusawa da ita, amma zaman tahiya, a ce ɗuwawu ya sauka kan dunduniya, yana neman fiye da haka, ga shi idon sawun roba ba ya miƙewa. A nan kwamfuta ba ta fi sauran ba. Masu wannan tunanin tun asali su ne 'yan Indiya. Ƙafar Jaipur da aka ƙirƙiro a 1968 an yi ta ne don mai tsuguno, mai zaman ƙasa, mai tafiya ba takalmi, daga baya a 2009 ɗaliban jami'ar Stanford suka haɗa musu gwiwa mai sanda huɗu da kuɗinta bai wuce dala 20 ba a lokacin. Sannan akwai wani ɗan ƙarfe da ake sawa tsakanin soket da gwiwa, ka danna maɓalli ƙwaurin ya juya, ka harɗe ƙafa a tabarma ko ka sa takalmi ba tare da ka cire ƙafar ba. Ga tela mai shimfiɗa yadi a ƙasa yana yanka, wannan zai yi maka amfani kullum. Sai dai yana buƙatar ɗan fili, in dungunka dogo ne sosai ba zai shiga ba.

Bakatsine, na karɓi gyaranka. Gajiyar kai ba ta fitowa a ma'aunina.

Malam, abu ɗaya kuma: mai yini a zaune kan keke, tsokar gaban ƙugu takan ɗaure, dungu ya riƙa karkata gaba, wannan kuma yana ƙara sa gwiwa naɗewa. Ka riƙa kwanciya rub da ciki kamar minti 20, safe da dare.

Baban Husna:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Kwana 10 ban dawo ba don na so in zo da labari.

Malam, ka tambaye ni safa nawa. Guda 4 nake jerawa, da azumi har 5, kuma soket ɗin tun na farko ne, ba a taɓa sakewa ba. Ni na ɗauka haka kowa yake yi. Na je Kano ranar Talata. Mai awon ya sa na tsaya, ya zura yatsunsa biyu tsakanin soket da cinyata suka shige har ƙarshe. Ya nuna mini wani baƙin tabo a ƙasan dungun, ya ce nan nake tafiya a kai, alhali nauyin a sama ya kamata ya zauna, wajen ƙashin zama. Ya kuma ce gwiwar an ɗaura ta gaba fiye da kima. An ɗauki sabon awo da farin siminti, nan da mako 3 zan koma gwaji. Ya ce in na samu hali in haɗa da mai sanda huɗu, kuɗinta ɗinkin salla ɗaya mai kyau zai iya fitar da shi.

Na ce wa ƙanena a bar gonar, bana ma a shuka masara. Bai ji daɗi ba, ya ce shi dai so yake ya gan ni ina sauka bene kamar mutumin bidiyon. Ni ma ina so, ba zan ɓoye ba. Ɗan'uwa Bakatsine, maganar nan taka ta kallon ƙasa ba ta bar ni ba. Jiya na ƙirga daga shago zuwa masallaci, sau biyu kacal na ɗaga kai.

Hajiya, na gwada daren Laraba bayan kowa ya yi barci. Raka'a ta farko na karkace na dafa bango. Ta biyu goshina ya kai ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba.

Tambaya ɗaya ta rage, Malam. Shi ɗan ƙarfen juyawar, mai awon ya ce daga ƙarshen dunguna zuwa inda gwiwa za ta zauna akwai kamar santimita 11. Zai shiga tare da mai sanda huɗu, ko sai na zaɓi ɗaya?